Abin da Taru Ya Ɗauko

Asubar Talata, nesa da gaɓar Texel,
taru ya hau da nauyin da ba na kifi ba.
Wiebe ya yi tsaki, ya ce dutse ne.
Na kankare laka da bakin wuƙa:
haƙori, girman burodi, baƙi wuluk,
da tsaga-tsaga inda ya sha tauna.

Na giwa ne, irin mai gashi.
Nan ƙarƙashin jirgina ta yi kiwo,
inda gaba ashirin na ruwa ke kwance yau.
Ciyawa ce a da, da barewa, da hayaƙin maharba,
mutum ya saɓa mashi ya taka har Ingila.

Wa ya tashe su?
Babu wanda ya kunna inji.
Duniya ce ta gyara kwanciya,
kamar tsoho a tsakar dare,
ta miƙa wa rana kafaɗarta ta arewa.
Ƙanƙarar da ta danne ƙasa ta soma ɗiga,
ɗigo ya zama rafi, rafi ya yi gulbi,
teku ta taso taƙi-taƙi, ba ta gaggawa.
Kaka ya nuna inda bukkarsa take,
jika ya ga ruwa, ya ce ruɗin tsufa ne.
Suka naɗe fatu, suka ƙara tudu.
Dubban shekaru aka ba su na kwashe kaya.

Kakata Tjitske ta ji a bakin tata kakar
hunturun da teku ta daskare,
har aka ja amalanke a kanta,
da shekarar da wani dutse ya yi aman wuta
can wata uwa duniya,
toka ta rufe rana, hatsi ya ruɓe a tsaye.
Wannan ma ba hannun kowa.

Haka na faɗa wa Aukje ran Juma'a,
na dire haƙorin tsakanin gishiri da dankali.
Ita ce mai auna ganuwar da ke tare mana teku.
Na ce, kin gani? Tun fil azal take hawa da sauka.

Ta juya shi a hannu, ta daɗe.
Ta ce, Baba, lita nawa jirgi ya sha makon nan?

Dubu ashirin da biyar.
Cokali ya yi mini nauyi.

Kakan kakana ya yanka dausayi ya ƙona,
ƙasa ta lotsa a ƙarƙashin gidansa.
Kakana ya zuba kwal a tukunyar jirgi.
Ni dizal.
Abin da ƙasa ta binne tun giwa ba ta zo ba,
mun tono shi, mun cinna masa wuta
tsakanin suna da jana'iza.
Kifin da ubana ya sani ya yi arewa neman sanyi,
baƙi daga kudu na cika mini taru,
ban ma iya kiran sunansu ba.
Jikana Sjoerd ya kai takwas,
takalmin zamiyarsa na rataye, bai taɓa ƙanƙara ba.

Aukje ta ce za a ƙara wa ganuwa tsawo.
Na ce, har yaushe?
Ta kwashe kwanuka.

Haƙorin na kan taga yanzu,
yana kallon famfon da ke kwana yana amayar da ruwa.
Litinin zan fita, bashin jirgi bai san tarihi ba.
Sai dai in injin ya tashi, nakan ji shi a ƙirji,
in tuna wani da ba a haifa ba
zai ja taru a saman rufin garinmu.
Me zai hau masa?
Ƙararrawar coci, ƙila.
Ƙafar keke.
Makullin ƙofata, da tsatsa.